Na Sayar da Gidan Kahu, Ban Kama na Rano Ba

Da ana mayar da magana ciki bayan ta fita, da na mayar da wata ƙarya da na ba dillali ya kai wa wani bawan Allah a Rano. Ban yi ta don in cuce shi ba, don in rage kuɗin gida na yi ta. Abin da nake neman a rage mini kuwa bai wuce kuɗin rago ɗaya ba. Na daɗe ina faɗa wa mutane cewa ƙaddara ce ta raba ni da gida. Ƙaddara gaskiya ce, amma yanzu da furfura ta rufe ni ina so in faɗi nawa hannun a ciki.

Ni tela ne. Karatuna allo ne da firamare da ban ƙarasa ba. An haife ni a Kahu ta ƙasar Kibiya, a gidan ƙasa mai azara da mahaifina ya gina. Shagona kuwa a Rano yake, kullum ina hanya a kan babur, har gwiwoyina suka fara yi mini ƙara. Bayan rasuwar mahaifinmu na biya ƙanwata rabonta na gidan, ya zama nawa. Muna ciki da matata da yara da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" take cewa, ko ta ce da matata, "Ina wannan ya shiga?"

Inna tana da hawan jini. Duk ranar da ya tashi sai an nemo mota, ko in ɗora ta a bayan babur ina tuƙi da hannu ɗaya ina tare ta da ɗaya. Wannan ya sa na fara neman gida a cikin Rano, kusa da asibiti, kusa da shago. Niyyar ba ta da laifi.

Wani dillali ya kai ni wani gida a cikin lungu. Ginin bulo ne da rufin kwano, akwai rijiya a tsakar gida, ga wani ɗaki da ba shi da tudu a bakin ƙofa, tsohuwa za ta shiga ta fita ba sai an kama ta ba. Ina ganinsa na ce a raina wannan na Inna ne. Mai gidan wani Alhaji ne, tsohon direban tirela, mai yawan raha. Uwargidansa ta rasu da daɗewa, yana zaune da matar da ya aura daga baya. Ya yi sabon gini kusa da gonarsa a bayan gari, saura ƙofofi da tagogi da shafe, kuma da kuɗin wannan gidan yake so ya ƙarasa ya koma.

Muka yi zaman ciniki a zaurensa. In taya, ya ce albarka. In ƙara, ya ce albarka, ya kawo labarin wata tafiya da ya yi zuwa kudu, mu yi dariya, mu dawo. Daga ƙarshe ya sauko inda ya sauko, ya buga cinyata ya ce, "Tela, na sallama maka a haka. Ka ce ka saya mu kira shaidu, in huta da wannan dillalin mai cinye mini goro."

Na ce sai na yi shawara. A ranar ina da hujja, domin ban sayar da nawa ba tukuna.

A wajenmu idan za ka sayar da gida maƙwabcin da kuke katanga ɗaya kake fara yi wa tayi. Nawa maƙwabcin manomin rani ne, shekarar kuma albasa ta yi masa kyau. Ban rufe baki ba ya ce yana so. Muka je gaban mai unguwa da shaidu, ya biya, na sa hannu. Ya tambaye ni yaushe zan tashi, domin yana so ya rushe ɗakunan ƙasar ya ɗora bulo kafin ruwa ya sauka, 'ya'yansa biyu za su yi aure da kaka. Ni da bakina na ce bayan ƙaramar salla da mako ɗaya. Har na ƙara da cewa wataƙila ma a Rano za mu yi sallar. Mai unguwa ya sake tambayata ko lokacin bai yi kusa ba, na ce gida yana hannu.

Sai bayan an gama na gaya wa Inna. Tana zaune tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba, ta tambaya ko an biya na can ɗin. Na ce kamar an biya ne, magana ta ƙare, saura kai kuɗi. Ta ce to, Allah ya sa ba sakin reshe aka yi aka kama ganye ba. Na yi dariya na ce tsofaffi da tsoro.

Da kuɗi suka shigo hannuna sai na ji na zama wani mutum. Dillali ya zo shago ya ce mu je mu rufe magana yau. Na ce masa ya zauna. Na ce Alhaji ya fi ni matsuwa, gininsa yana tsaye ba ƙofa ba taga, kuma ba wani mai saye a bayana. Idan aka bar shi ya ɗan ji shiru, da kansa zai rage. Na ce ya je ya gaya masa na ga wani gida a Rurum Sabon Gari mai sauƙi, hankalina ya koma can.

Dillali ya dube ni ya ce shi dai sana'arsa ƙarin gishiri ce, amma bai taɓa ganin mutumin da ya sayar da inuwarsa yana jan rai da bazara ba. Ya ce in na saba rage wa mutane yadi in ɗinka hula, ba haka ake yi wa gida ba. Na ce ya kai saƙo kawai, la'adarsa ba za ta ragu ba. Ya kai. Ya dawo ya ce Alhaji ya yi dariya, ya ce Allah ya sanya alheri, a gaishe ni.

Wata Juma'a muka haɗu da Alhajin a bakin masallaci, yana tare da babban ɗansa, wani malamin makaranta mai sanyin magana. Alhajin ya miƙo mini hannu yana cewa, "A'a, mutanen Rurum! An tare ne, ba a gayyace mu ba?"

A nan ya kamata in ce wasa nake. Sai na ce tukuna dai, ana shiri. Na wuce ina jin daɗi a raina cewa ya fara jin zafi.

Azumi ya kama. Duk tela ya san yadda watan yake: yadi ya cika shago har ba wurin shimfiɗa sallaya, kowa yana rantsuwa nasa ya riga zuwa. Kullum ina cewa gobe zan leƙa Alhaji, gobe kuma ta zo da nata ɗinkin. Ana cikin goman ƙarshe na koma gida da yamma na tarar an sauke yashi da bulo a ƙofar gidanmu, har sai da na ɗaga babur na tsallake. Matata ta ce yau ko an rage ko ba a rage ba, ita tana so ta san inda za ta kafa murhu bayan salla. Na ce da safe zan je in karɓi gidan a yadda Alhaji ya ce.

Na je da hantsi, ban ko biya ta shago ba. Ina karya kwanar lungun na ga babura a jere, ga tabarmi an shimfiɗa daga ƙofar gidan har zuwa gindin katangar maƙwabta. Mutane suna alwala da butoci a bakin kwata. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka wani tsoho ne a gidan da ke kusa. Na kafe babur na tambayi wani mutum wa aka rasa. Ya ce mai gidan nan. Na ce wane gida? Ya nuna mini ƙofar da na zo shiga. Ya ce ya yi sahur lafiya, ya dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Na tsaya riƙe da makullin babur. Na ji ana salati a ciki, na ga an fito da makara. Na bi sahu aka yi masa salla, na bi har maƙabarta, na zuba ƙasa. Ina neman gafarar Allah, domin duk tsawon tafiyar nan bakina yana addu'a, zuciyata kuwa tana kan bulon da aka sauke a ƙofar gidana.

Abin da na yi ranar sadakar uku ya fi wannan muni. Na je na zauna a tabarma, aka yi addu'a aka shafa. Maimakon in tashi in bari a kwana biyu, sai na matsa kusa da babban ɗan na rage murya, na ce akwai maganar gida tsakanina da marigayi, kuɗi suna nan a shirye, ko yau aka ce in kawo zan kawo. Na ɗauka a hankali na yi maganar. Ashe duk wanda ke tabarmar ya ji. Wani dattijo ya ajiye carbinsa ya juyo yana kallona.

Ɗan bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba, ai a gabana ka ce masa kana shirin tarewa a Rurum. Da ya dawo gida ya ce mana tela ya fasa, a nemi wani."

Na ce ai dabarar ciniki ce, ba wani gida a Rurum.

Ya ce, "To shi dai da gaske ya ɗauka. Har ya sayar da shanunsa biyu ya sayi ƙofofi."

Ba wanda ya zage ni. Da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Dattijon nan ya ce kawai a bar mamaci ya kwanta tukuna. Na tashi na nemi takalmina, ban ko tayar da babur ba, sai tura shi na yi zuwa bakin titi.

Washegari na je wurin limamin unguwar, wanda ya san mu duka. Na kwashe komai na gaya masa, har da ƙaryar. Ya tambaye ni abu ɗaya: ranar da marigayi ya ce ya sallama, na ce na saya? Na ce ban ce ba. Ya ce to babu ciniki, gida ya zama na magada. Na ce to magadan su sayar mini, zan ƙara a kan abin da ya ce. Ya ce matar tana takaba, a ɗakinta za ta zauna, ba mai fitar da ita. Na ce zan jira. Sai ya ce akwai abin da ban sani ba: tana da juna biyu. Ba a raba gado da ciki a tsaye, sai an haihu an ga abin da Allah ya kawo. Kafin nan ko tsintsiyar gidan ba mai ikon sayarwa.

Na ce, "Malam, saura kwanaki in tashi daga nawa."

Ya ce, "Wa ya sa maka ranar?"

Na ce ni.

Daga nan na wuce wurin maƙwabcina. Na roƙe shi mu warware ciniki in mayar masa da kuɗinsa. Ya ce da ban ga bulo a ƙofa ba da sai ya duba, amma ya riga ya biya magina, an kuma sa ranar aure. Na roƙi ya bar mu zuwa kaka. Ya ce idan ruwa ya sauka ba a rushe ginin ƙasa a yi sabo, kuma surukansa biyu suna jiran ganin ɗaki. Ya tuna mini cewa mai unguwa ya tambaye ni sau biyu. Bai yi ƙarya ba. Ya ƙara mini mako ɗaya, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan, yana faɗa yana kallon ƙasa kamar shi ne mai laifin.

Na nemi haya a Rano. Abin da na samu ɗaki ɗaya ne a gidan haya mai cike da samari ma'aikata, makewayi ɗaya. Akwai wani cikakken gida, amma mai shi yana son kuɗin shekara a dunƙule. Ina da kuɗin. Sai na sake yin lissafi irin nawa: idan na taɓa kuɗin gida, ranar da aka haihu aka ce in kawo ba za su cika ba. 'Yan watanni ne, a daure. Na raba iyalina kamar kayan gado. Matata da yara suka tafi gidan yayanta a Kibiya. Ni na shimfiɗa tabarma a bayan keken ɗinki. Inna kuma na ce za ta zauna wurin ƙanwata da ke aure a Rano.

Da na gaya mata, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni sosai, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce, "Gidan surukina?"

Na ce na ɗan lokaci ne.

Tun da aka kai ƙanwata gidan nan, Inna ba ta taɓa kwana a cikinsa ba. Ko suna aka yi, a tsaye take yin barka ta juyo, ruwan gidan ma ba ta sha. Idan ta hango mijin 'yarta a hanya sai ta ja mayafi ta sauya lungu, shi ma ya sauya. Haka aka tarbiyyantar da su. Na san wannan sarai, na rufe ido.

Ranar tashi muka loda a-kori-kura. Inna ta fito da ƙullin kayanta a hannu ta ƙi bari a karɓa, ta shiga gaban mota ba ta waiwaya ba. Bayan kwana biyu na koma ɗauko randarta da aka manta. Na shiga na ga sararin sama a inda rufin ɗakinta yake. An jera azarorin a gefe, magina suna cin rogo a kan tudun ƙasar da ta kasance bangonta. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni wa nake nema.

Surukin namu mutumin kirki ne, ya ba ta ɗaki mafi kyau. Amma gidan ya zama kurkuku gare su su biyu. Shi ya koma fita tun da sassafe, abincinsa a zaure, idan zai shigo sai ya yi ta gyaran murya a ƙofa. Ita kuwa muddin yana gida ba ta taka tsakar gida. Ƙanwata ta gaya mini tana kuka cewa Inna ta rage shan ruwa don kada ta buƙaci ratsa tsakar gida zuwa makewayi, tuwo kuma loma kaɗan take yi ta ture, wai ba za ta cinye wa yaron mutane hatsi ba. Na kai buhun masara da gero don ta san nawa take ci. Inna ta ce a tukunyar wa aka dafa? Asibitin da na yi duk wannan don ta kusance shi, ga shi nan tafiyar ƙafa, amma sai da ta fi zuwansa a damina ɗaya fiye da shekarun da ta yi a Kahu.

Wajen kaka matar marigayi ta haifi namiji. Aka raba gado. Babban ɗan ya zo shagona da kansa, ya gaishe ni da ladabi, ya ce bai so in ji a bakin wani ba: gidan cikin gari ya faɗa rabon jaririn da mahaifiyarsa, a ciki za ta rene shi, ba za a sayar ba. Na yi masa godiya. Da ya fita na zauna ina kallon allura, na kasa zura zare.

Na fita neman wani gidan, na tarar kasuwa ta gudu ta bar ni. Abin da zai sayi gida da rijiya kafin azumi, yanzu ko rabi ba a kallonsa da shi. Na sayi fili a bakin gari na fara gini, siminti yana tashi ina binsa. Sai da wata damina ta sake wucewa kafin in rufa ɗaki biyu da zaure. Ɗakin Inna na fara yi wa daɓe, na hana magini ya yi tudu a bakin ƙofa. Na dawo da matata da yara, sannan na ɗauki mota na tafi ɗauko ta.

Na same ta a bakin gado, ta rame. Na durƙusa na ce gida ya samu, mota tana waje. Ta tambaya ko an biya. Na ce wannan ni na gina, ba mai tashinmu. Na ɗauka ta yarda, na miƙa hannu zan ɗauki ƙullin kayanta.

Ta ce, "Ajiye."

Na ce, "Inna, ɗakinki ne, na yi shi yadda za ki ji daɗi."

Ta ce, "Ɗakina ka sayar. Kunyar da nake gudu tun ina da ƙarfi na riga na sha ta, ba abin da ya rage. Yaron nan ya bar tsakar gidansa saboda ni, bai taɓa nuna mini a fuska ba. Ba zan kwashe kaya in fita kamar wadda aka kora ba. Kuma na gaji da hawa mota da ƙulli a cinya. Kai je ka, Allah ya sa albarka a gidan."

Na kawo liman, na kawo ƙanenta daga Kibiya, ba wanda ya iya juya ta. Ko leƙa ginin ba ta yi ba. A gidan surukinta ta cika, ta ƙofarsa aka fito da ita. A ƙofarsa aka yi zaman makoki, shi yake karɓar mutane yana nuna musu wurin zama. Ni ɗanta na fari ina gefe a kan tabarmarsa, wasu baƙi ma sai an nuna musu ni kafin su miƙo hannu.

Ɗakin yana nan, buhunan masara muke ajiyewa a ciki.

Ina roƙon duk wanda wannan ya isa gare shi, musamman mai tsoho ko tsohuwa a gida: kada ka sa ranar fita daga inda kake sai shaidu sun tashi daga zaman inda za ka. Idan mai gida ya sauko ya sallama maka, kuma ka san kana so, ka karɓa a wurin kafin ka sa takalmi. Kada ka aika wa mutum da maganar da ba haka take ba don ya ji tsoro, ba ka san ko ita ce ta ƙarshe da zai ji daga gare ka ba. Wanda kuma ya karanta, ya sa Inna da Alhajin nan a addu'a.